Amsa ga Alhajin da ya tambayi wanda ke biyana

Assalamu alaikum, Alhaji.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirin rediyo, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan zan amsa. Ka ce in faɗa wa mutane nawa Turawa ke biyana nake yawo ina hana talaka saran itace, alhali su ne suka cika sararin samaniya da hayaƙi. Ka ƙara da cewa fari da ambaliya ƙaddara ce kawai.

Maganar ƙaddara ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ni da kai mun yi imani da ita, amma a Suratur Rum Allah ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Kai ma ba ka barin shagonka a buɗe da dare don ka yi imani da ƙaddara.

Zancen kuɗin ne ya sosa mini rai. Malamin gona ne ni har na yi ritaya, da fansho nake ci da iyalina, babu wata ƙungiya ta gida ko ta waje da ke ba ni ko sisi. Manoman da na yi aiki da su suna nan da ransu, sun san gidana, sun san babur ɗin da nake hawa. Ka je ka tambaye su. Mutum mai shekarunka bai kamata ya ɗora wa ɗan'uwansa musulmi zargin sayar da bakinsa ba tare da hujja ba, kuma 'ya'yana sun ji ka.

A kan laifin manyan ƙasashe, ba ka faɗi abin da ban sha faɗa ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sin da Amurka da Turai ne a gaba wajen ƙona kwal da fetur da gas. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, wa'adin ya wuce ba su cika ba, kuma da yawan abin da suka bayar bashi ne. Ba a amince da asusun biyan asarar ƙasashe irin namu ba sai a 2022, a Sharm el-Sheikh ta Masar. Haƙƙinmu ne, dole mu ci gaba da nemansa da babbar murya.

To amma Alhaji, ba Bature ne ya kafa madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ba tare da kyakkyawan tsarin sakin ruwa ba, har kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Madatsar Alau da ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta shanye Maiduguri, an daɗe ana kukan tana bukatar gyara. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma bayan farin 1973 da na 1984, kuma masunta da makiyayan da suka rasa abin yi ba su samu wanda ya tanadar musu mafita ba. Ɗumamar duniya na ƙara zafi da ruwan sama mai ƙarfi, sakacinmu ke mayar da su bala'i.

Ka ce ina hana talaka itace. Ashe ba ka taɓa tsayawa ka saurare ni ba. Abin da nake koya wa manoma daga Maraɗi da Damagaram na ɗauko shi. Tun wajen 1983 manoman can suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturen gonakinsu lokacin sassabe. Sai su zaɓi rassa masu ƙarfi biyu ko uku, su sassabe sauran, su kare su daga dabbobi. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma hannun Bahaushen manomi ne ya yi aikin, musamman bayan da ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kanta ba. An ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo ya dawo, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Matan can suna samun itacen girki daga rassan da aka sassabe a gonar gida, ba sai sun yi doguwar tafiya ba. Wannan shi ne hana talaka itace?

Wanda nake yaƙi da shi daban ne. Shi ne mai tura inji cikin daji a kwantar da ƙirya da marke da kaɗanya, a ƙona su gawayi, a loda manyan motoci zuwa birane har da tashar jirgin ruwa. Ba na so in yi maka abin da ka yi mini, amma duk kasuwa ta san motocin wa ke lodin gawayi, kuma masu sauraro sun cancanci ka faɗa musu sana'arka kafin ka tambayi tawa. Talakan da kake fakewa da shi ladan yini kawai yake samu, shi kuma ake bar wa fako.

Haushina ma bai tsaya a kanka ba. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, jihohi 11 na Arewa suna ciki. Duk damina sai a kafa rumfa, manya su dasa itace a gaban kyamara, kafin bazara awaki sun cinye. Ana ƙona gas a banza a Neja Delta, uwargida a Kano kuma ta koma gawayi saboda kuɗin cika tukunyar gas ya fi ƙarfinta. Da za a sauƙaƙa gas da murhu mai tsimin itace, a tabbatar wa manomi mallakar bishiyarsa, a gyara madatsun ruwa kafin damina, a hana gini a kan magudanai, da an rage asara mai yawa ba tare da jiran dalar kowa ba.

Ina neman abu biyu a wurinka. Ka koma shirin nan ka janye zargin, ko ka kawo hujja. Sannan ka faɗa mana itace nawa ka dasa a madadin waɗanda motocinka suka kwashe.

Wassalam.