Jitar Mdou Moctar ba ta yi sanyi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ku da sauran ma'aikatan gidanku, na rubuto ne a kan shirinku na kaɗe-kaɗe na daren Asabar da ta wuce, wanda aka sa waƙoƙin sabon kundin Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da ƙungiyarsa, wato Tears of Injustice. Na ji masu bugo waya biyu ko uku suna cewa wai mutumin ya yi sanyi, ya jingine jitar lantarki ya ɗauki ta katako, wani har da cewa girma ne ya fara kama shi. Na yi ta kiran layinku bai shiga ba.

Ni a wurin wani Buzu mai gadi na fara jin kiɗansa, a layinmu nan Tudun Wada, shekaru da dama da suka wuce. Kullum bayan isha'i zai hura gawayi, ya ɗora butar shayi, ya kunna 'yar wayarsa. Wata rana na tsaya na ce masa, "Malam, wannan ai kiɗan fim ɗin Hausa ne, yaren ne kawai ba namu ba." Ya yi dariya ya ce ai a Sakkwato aka ɗauke shi. Na ɗauka zolaya ce, ashe gaskiyarsa. Kundin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa, irin ta waƙoƙin finafinanmu na lokacin. Ba a kanti ya yi suna ba. Daga memori zuwa memori ya yi ta yawo ta bulutut har ya karaɗe Sahara, sannan wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya tsinci waƙa ɗaya a ciki ya saka a wani tarin waƙoƙin wayar salula.

To mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya bi ta situdiyon Sakkwato, ya zo ya zama ɗan rok ɗin da jaridun Turawa ke kwatantawa da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar Amurka (su biyun duk bahagwai ne), yaya za a ce yau ya fara sauya salo? Waɗanda suka san shi daga 2021, lokacin da kundinsa Afrique Victime ya fito, su ne ke ganin kamar da ƙarar lantarki aka haife shi. Ko a wancan kundin ma akwai waƙoƙi masu sanyi na jitar katako, sai dai ba su ake yawan sawa a rediyo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a faɗa wa masu sauraro yadda aka yi wannan sabon kundin ya samu ba. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, aka rufe iyakoki. Mu nan mun san abin da ya biyo baya: motocin kaya sun yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, Najeriya kuma ta yanke wa Nijar wuta. A daidai lokacin ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka, 'yan Nijar ukun da ke cikinta, Mdou da Ahmoudou Madassane da mai ganga Souleymane Ibrahim, suka rasa hanyar gida. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a Burukulin ta birnin Niyok tare da Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa musu jitar bas, suka zauna ɗaki ɗaya suka sake kaɗa waƙoƙin kundinsu Funeral for Justice ba da jitar lantarki ba. Na asalin ya fito a Mayun 2024, wannan kuma, Tears of Injustice, a Fabrairun 2025. Na farko sunansa na nufin jana'izar adalci, na biyu hawayen zalunci. Baitocin ba su canza ba: Faransa da abin da ta yi wa ƙasarsu, da kiran Buzaye kada su bar yarensu, Tamashek, ya mutu a bakin 'ya'yansu.

Ba zan ɓoye muku ba, ni na lantarkin na fi so. Idan Souleymane ya saki hannu a kan ganga, jita ta bi shi da gudu, ko a cikin Keke Napep kake a cunkoson Kawo sai ka ji kanka yana kaɗawa. A sabon akwai wuraren da nake jiran wannan tashin, bai zo ba. Amma akwai abin da ƙarar take binnewa wanda yanzu ya fito sarari, wato amshi. Bayan sun koma gida aka ɗauki muryoyin wasu Buzaye suna karɓa masa, aka haɗa a ciki. Bahaushen da ya tashi da Shata da 'yan amshinsa ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Kuma wanda ya taɓa jin Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika fili, ba zai auna ƙarfin kiɗa da girman lasifika ba.

Wancan mai gadin ya daɗe da komawa Agadas. Amma da na kunna sabon kundin a shagona, wani ɗan'uwansa da ke sayar da zobban azurfa a bakin Kasuwar Barci ya tsaya a ƙofa ya saurara har waƙar ta ƙare. Ya ce haka ake kaɗa ta a gida, a kan tabarma, idan dare ya yi. Abin da masu bugo waya suka kira sabon salo, a wurinsa shi ne tsohon.

Roƙona gare ku, a shiri na gaba ku ɗauki waƙa ɗaya ku sa ta sau biyu a jere, ta lantarki sannan ta katako, in da hali ku ƙara da ta Sakkwato ɗin nan. Ku kuma nemo mai jin Tamashek ya fassara mana baitocin, ba su da wuyar samu a Kaduna. Layin wayar kuma a taimaka a ƙara ɗaya.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Kaduna