Baƙi ne suka gina Kaduna, a daina kiran wani baƙo

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili don Allah, maganar "ɗan gari da baƙo" a Kaduna ta ishe ni. Wai waye ba baƙo ba in ka cire Gwarawa da aka tarar a wurin? Turawan Ingila ne fa suka taso hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, saboda jirgin ƙasa da ruwan kogi, sai sojoji da ma'aikatan reluwe da leburori suka biyo su, Nupawa suka yi Tudun Nupawa, Kanawa suka yi Unguwar Kanawa, Yarbawa da Ibo kuma jirgi ya kawo su.

Da aka buɗe masaƙa a Kakuri a 1957 aka yi ta tuɗaɗowa daga ƙauyuka, kamfanin haɗa motoci na Peugeot da matatar mai suka ƙara jawo wasu. Rikicin Shari'a na shekarar 2000 kuwa ya raba mu, Musulmi da Kirista, kowa ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya koma cikin nasa, abin takaici wallahi.

Yanzu ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Birnin Gwari sun cika Rigasa da Mando, haya ta yi tsada, aji ɗaya yara maƙil. Gwamnati ta yanka filaye ta kai musu ruwa da makarantu mana.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna