A rubuta sunan gari yadda kakanni sunka san shi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu haɗa tarihin zuri'arsu, musamman yaranmu da ke yinshi a waya.

Watan jiya ɗan ƙanena ya turo min na gidanmu ta WhatsApp, wallahi yaron ya yi ƙoƙari, sai dai na ga ya rubuta wai an haifi kakanmu a Gwandu, Jihar Kebbi. Na ce mishi ɗana, lokacin da anka haifi tsohon ga babu wata Jihar Kebbi, Lardin Sakkwato ne a hannun Turawa, sai 1967 anka yi Jihar Arewa maso Yamma, 1976 anka yi Jihar Sakkwato, Kebbi kuwa sai 1991 anka cire ta, Zamfara 1996. To in ka tafi gidan adana takardun tarihi na Kaduna kana neman Jihar Kebbi cikin fayilolin lardi mi za ka samu? Ka fara sa sunan da ke akwai a lokacin, sannan ka ƙara na yanzu a gefe, kar ka goge guda don guda.

Abin da ya fi damuna ma shi ne adireshi. Kakarmu, Allah jiƙanta, ba ta san lambar gida ba, cewa take muna cikin birni ta wajen Ƙofar Taramniya, bayan marina, gidan da ke da durumi a ƙofa. Yau an sare durumin, marinar an cike ta an yi shaguna, amma da wannan kwatancen ne wani dattijo ya kama hannuna har bakin zauren. Da na rubuta sunan titi kawai da ban gane wurin ba har abada. Haka in an ce maku Tudun Wada ko Sabon Gari ku tambaya na ƙasar wane hakimi, don sunan yana ko'ina. Wasiƙar ajami kuma in kun ci karo da ita a adaka ku ɗauki hotonta tukun kafin ku maida ta boko.

Ni dai bayan Sallah in Allah ya yarda zan tafi Wurno da littafina wajen gwaggonmu, ita kaɗai ta rage da ta san sunan tungar da kakanmu ya fara sauka.

Naku,
Mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato