Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magatakardan Hukumar PCN a Kan Sarin Magani, Kemis da Hayar Lasisi

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, masu wannan wasiƙa masu harhaɗa magunguna ne, wato famasis, da ke sabunta lasisinsu duk shekara a hukumarka ta PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna da sayar da su a Najeriya. Mun zaɓi mu yi maganar a fili ne saboda ta fi shafar mai sayen magani a kan yadda ta shafe mu.

Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2022, wadda ta maye gurbin dokar soja mai lamba 91 ta 1992, ta kashe tsohuwar gardama. A da masu kemis kan ja da hukumar har gaban kotu, suna cewa ita ta famasis ce, ba ta da iko a kansu. Yanzu famasis da mataimakinsa da mai kemis da ɗan sari duk suna ƙarƙashinta, kuma tana da ikon shiga shago ta duba, ta garƙame. Mun ga amfanin wannan iko a Kano a watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, lokacin da ku da NAFDAC kuka rufe shaguna 1,321 a Sabon Gari da Malam Kato da Mai Karami, aka tilasta wa 'yan sari komawa cibiyar sarin magani ta Dangwauro da ke titin Zariya. A cikin cibiyoyi huɗu da aka tsara wa Kano da Legas da Onitsha da Aba, ta Kano ce ta fara aiki. Wanda ya san yadda katan ɗin magani ke yini a rana a bakin kwata a tsohuwar kasuwa ba zai raina wannan aiki ba.

Sai dai sauya wa kasuwa mazauni bai sauya wanda ake sayar wa kaya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Ka'idar sari a bayyane take: ɗan sari yana sayar wa famasi mai rajista da asibiti, yana kuma sayar wa mai kemis abin da ke cikin jerin da hukuma ta yarje masa kawai. To ta ina alluran kashe ƙwayoyin cuta irin su seftiriyazon da jentamaisin, da allurar naƙuda (oksitosin), suke isa kantar kemis ɗin ƙauye? Ta ina mai tallan magani a tire yake cika tirensa kowace ranar kasuwa? Ba shi ya sarrafa su ba, ba shi ya shigo da su ta tashar jirgin ruwa ba. Wani mai shago ne da ke da lasisin hukumarka ya ƙirga masa, ya karɓi kuɗi, bai tambaye shi ko takarda ɗaya ba. Idan sufetoci suka je ƙauye suka rufe kemis, suka bar wanda ya sayar masa yana ciniki, an bar jaki ana dukan taiki. Bayan mako biyu ko dai ya buɗe ta ƙofar baya, ko ya mayar da kayan cikin gida inda babu mai gani.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. A wajabta wa kowane ɗan sari rubuta abu huɗu a rasit: lambar lasisin mai saye, sunan magani da ƙarfinsa, lambar rukunin da kamfani ya buga a jikin kwali, da ranar ƙarewar wa'adi. Kwafi ɗaya ya zauna a shago. Sufeton da ya tarar da allura a kemis kada ya tsaya ga kwashe ta. Ya nemi rasit, ya rubuta lambar rukuni, a bi sawu har shagon da ta fito, a hukunta shi hukuncin da ya fi na mai kemis tsanani. Cibiyar Dangwauro tana da ƙofar shiga da fita, abin da Sabon Gari ba ta taɓa samu ba. Idan ba a duba shaidar mai saye a wannan ƙofa ba, an yi asarar babbar fa'idar tashin. Kuma kayan da ke fita daga Kano ba a Najeriya kaɗai suke tsayawa ba, suna kaiwa Maraɗi da Damagaram har su zarce.

Sai maganar masu kemis kansu, wadda wasu abokan aikinmu ba sa son a yi ta da sassauci. Gaskiyar ita ce akwai ƙananan hukumomi da yawa a Arewa da za ka zagaye ba ka ga famasi mai rajista ba, in ban da ɗakin magani na babban asibiti. Uwar da ɗanta ya kama zazzaɓi da daddare kemis za ta je, ko muna so ko ba ma so. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce me zai ba ta idan ta je.

Abin da ake samu yanzu shi ne haɗi. Mutum ya ce jikinsa na ciwo bayan noma, sai a ƙirga masa a leda: daikulofenak ɗaya, aibufurofen ɗaya, firoksikam ɗaya, deksametason biyu, farasitamol biyu. Ukun farko dangi ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi, illarsu ce kawai ke ninkuwa. Ga deksametason yana ƙara cin bangon ciki. Mai shan wannan kullum ƙarshensa aman jini ko baƙin bayan gida ko ciwon ƙoda, kuma da wuya a danganta ciwon da ledar. Haka kafso biyu na amoksisilin da ake ba mai naira ɗari biyu: ba za su kashe ƙwayar cuta ba, sai dai su koya mata jure magani. Haka sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda kumburi ne da hawan jini da ciwon suga ke biyo bayansa. Mafi yawan masu ƙirga waɗannan ba mugaye ba ne. Yaran shago ne da suka koya daga ubangida, shi ma haka ya koya.

Hukumarka tana da jerin magungunan da aka halatta wa kemis, amma da Turanci yake, kuma kaɗan ne cikin masu shagon suka taɓa riƙe shi. A fassara shi zuwa Hausa, da boko da ajami, a shafi ɗaya mai manyan haruffa, a sa liƙa shi a bango ya zama sharaɗin sabunta lasisi. A ƙasansa a rubuta abin da aka haramta: yin allura, ƙarin ruwa, ɓare kwali a haɗa ƙwayoyi a leda, sayar da taramol ko diyazefam. Mai saye da ya iya karatu ya zama sufeto na farko. Tsarin nan na matakai uku da aka gwada a Kaduna da Legas, wanda ya bambanta mai kemis marar ilimin lafiya da ma'aikacin lafiya na al'umma ko nas, da kuma mataimakin famasis, tsari ne mai ma'ana, domin yana ba wanda ya yi karatu damar yin fiye da wanda bai yi ba. A faɗaɗa shi, a kuma sa alamar mataki a ƙofar shago da launi daban-daban. Sannan a kai rajistar kusa. Mutumin da sai ya rufe shago ya hau mota zuwa babban birnin jiha sau da yawa kafin a zo duba wurinsa zai gwammace ya zauna ba lasisi, ya riƙa saurare ko sufetoci sun shigo gari ya ja ƙofa.

Yanzu mu juyo kan namu, don kada a ce mun ga na wasu mun rufe ido ga na gida. Doka ta ce kowane famasi sai da famasis mai kula da shi, kuma mutum ɗaya shago ɗaya. Abin da ke faruwa kowa ya sani: ɗan kasuwa ya biya famasis kuɗin shekara, a rataye takardarsa a bango, shi kuwa yana wani aikin, wani lokaci ma a wata jihar. Irin wannan shago ya fi kemis haɗari, domin yana da izinin ajiye duk abin da aka hana kemis, amma wanda ke bayan kanta bai fi yaron kemis sani ba. Ta irin wannan ƙofa kodin ya malala kafin a hana shi a 2018, shekarar da binciken ƙasa kan shan ƙwaya ya nuna mutum miliyan 2.4 na shan maganin tari ba don tari ba. Hukumar tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. A yi amfani da su. A wajabta liƙa suna da hoto da lokutan aikin famasis inda mai saye zai gani. Idan an kai ziyarar ba-zata sau biyu cikin lokutan da ya rubuta da hannunsa ba a same shi ba, a miƙa shi kwamiti, a kuma buga sakamakon. Mun saba jin adadin shagunan da aka rufe, muna so mu fara jin adadin lasisin da aka dakatar.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana wuce 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano ba silin. Insulin da oksitosin da maganin rigakafi suna buƙatar digiri 2 zuwa 8. Oksitosin da ya sha zafi ba ya sauya launi; ruwa ne garau a kwalba, sai an yi wa mai jego da ke zubar da jini aka ga mahaifa ba ta tsuke ba sannan a gane. Ganin firji a kusurwa ba shaida ba ce. Sufeto ya buɗe shi, ya duba ma'aunin zafi a ciki, ya nemi takardar da ake rubuta awo safe da yamma, ya tambayi abin da ke riƙe firjin idan an ɗauke wuta. Ya duba ko an manna kwalaben da bangon ƙanƙara, don insulin da ya daskare shi ma ya mutu. Wanda ba shi da sola ko janareta mai tsayawa, a ba shi lasisi amma a cire masa izinin ajiye kayan sanyi. Haka motar da ke ɗauko su daga ɗan sari: kula mai ƙanƙarar leda a ciki ba ta kai insulin Nguru daga Kano lafiya a tsakiyar bazara.

Abu na ƙarshe da muke roƙo shi ne mafi arha. A buɗe rajistar ga jama'a, ta yadda mutum zai tura lambar shago ta saƙon waya ya ga ko yana da lasisin bana, kamar yadda ake kankare kati a jikin maganin zazzaɓin cizon sauro a tura lamba. A aika wa kowane hakimi da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma sunayen shagunan yankinsu masu lasisi a farkon kowace shekara, tare da lambar da za a kira a kai ƙara. Idan za a fara da jiha ɗaya don gwaji, muna ba da shawarar Kano, tunda can ne ake da ƙofar sari guda da za a iya tsarewa.

Allah ya taimaki Magatakarda, ya yi jagora.

Wassalam,
Wasu masu harhaɗa magunguna daga Kano, Jigawa da Katsina