Masu dashen ɓargo, a riƙa faɗa musu illar DMSO tun kafin a ɗura

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in taɓo wani abu da ba a cika faɗa ba in ana zancen dashen ɓargo, wato dashen ƙwayoyin da ke samar da jini.

Su ƙwayoyin nan in za a ajiye su daskarar da su ake yi a ruwan naitirojin, sanyin ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, to ƙanƙara kuwa fasa su take yi, shi ya sa ake cakuɗa su da sinadarin DMSO, yawanci kashi 10 cikin 100. Tun 1959 aka gano amfaninsa kuma wallahi ya ceci rayuka, ba kushe shi nake ba. Amma fa ranar dashe narkar da jakar da ƙwayoyin ke ciki ake yi a ruwan ɗumi a ɗura wa mutum ta jijiya, har da sinadarin duka.

Kowa zai gaya maka zancen warin tafarnuwa da ke cika ɗakin yana fita ta numfashin mara lafiya, da tashin zuciya, wannan kwana ɗaya biyu ya wuce. Abin da ke damuna shi ne illar da sinadarin ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma likitoci sun sha ganinsa: ciwon kai mai tsanani, rikicewa, jijjiga irin ta farfaɗiya, suma, wani har shanyewar ɓarin jiki. Akwai ma mantuwar da mutum zai yi ta maimaita tambaya ɗaya, ina nake, me ake min, ka ba shi amsa bayan minti kaɗan ya sake. Yawanci yana lafawa cikin awanni ko kwanaki, amma ba kowa ba.

To waye zai fara lura? Mai jinyar da ke zaune bakin gado mana. In ba a faɗa masa ba sai ya ɗauka gajiya ce ko barcin magani ya yi shiru.

Kuma dabara akwai. Ƙa'ida ita ce kar a wuce giram 1 na DMSO kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, in jakunkunan sun yi yawa a raba su kwana biyu, ana iya wanke ƙwayoyin kafin a ɗura, wasu cibiyoyin ma sun rage zuwa kashi 5, musamman abin lura ga yara masu ƙaramin jiki. Roƙona ga likitoci, su zaunar da dangi su zayyana musu alamomin nan tun kafin ranar, mu kuma mu cire kunya mu tambaya jaka nawa za a ɗura, kuma wa za a kira nan take in magana ta fara sarƙewa.

Na gode da ba ni dama.

Naka,
Wani mai karatu