Wasiƙa zuwa ga aminina mai neman gurbin horo

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa lokacin fitarku horon SIWES ya gabato, wato shirin nan da hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta kafa tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida. Takardar neman gurbin da ka aiko na karanta, ba ta da aibu, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Daren jiya na rubuta cikakken sunanka a Google, kamar yadda na ga ana yi a wurin aikinmu kafin a kira mutum ganawa. Abin da ya fara bayyana shi ne cacar bakin da kuka yi da wani a X, wato Twitter a da, lokacin zaɓen 2023, inda har ka taɓo iyayensa da garinsu. Ni na san halinka, na kuma tabbata shi ya tsokane ka, sai dai jami'in da ke da tarin takardu a gabansa ba shi da lokacin bincikar wanda ya fara. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi muni, domin ko ka goge, mai yiwuwa wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Yawancin samarinmu hotunan biki suke ɓoyewa, alhali ba kasafai su ke kayar da mutum ba. Abin da ke kayarwa shi ne zagin ƙabila ko addini, da yaɗa labarin da ba a tabbatar ba, da cin mutuncin malami ko tsohon maigida a bainar jama'a. A 2017 jami'ar Harvard ta janye gurbin karatu daga aƙalla ɗalibai 10 saboda hotunan izgili da suka riƙa turawa a wani zaure na Facebook da suke zaton na sirri ne. Tun 2019 kuma, mafi yawan masu neman bizar Amurka sai sun rubuta sunayen shafukansu na sada zumunta da suka yi amfani da su cikin shekaru biyar, kai kuwa na san kana da burin ƙaro karatu a can.

Facebook yana da wurin da za ka mayar da tsofaffin rubuce-rubucenka ga abokai kawai a lokaci guda, amma wannan bai shafi sharhin da ka bari a shafukan wasu ba, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka manta da WhatsApp, tunda lambar da ka sa a takardarka ita za a ajiye, hotonka kuma shi za a fara gani.

Duk da haka ban ce ka share komai ka bar shafi wayam ba, domin wanda ya neme ka bai ga komai ba, bai ƙaru da komai ba. Ka buɗe LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, da sunan da ke kan takardunka, ba laƙabin da muke kiranka da shi ba, ka sa hotunan solar nan da ka haɗa wa masallacin unguwarku, ka bayyana yawan batura da yadda ka lissafa wutar da ake buƙata. A ganina wannan ya fi kowane layi na takardarka nauyi, ga shi ko ambatonsa ba ka yi ba.

Idan ka kammala gyaran, ka turo mini kafin Juma'a in sake dubawa. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Naka,
Amininka