A zuba mana tsibirin siminti a mahaɗun hanyoyin Kano

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah ka ba ni ɗan fili.

Ni tsohon ma'aikacin tarho ne tun zamanin NITEL, kafin GSM ta shigo a 2001 ta aika mu gida. A aikinmu akwai abin da muke kira janshin, wato layin da ke haɗa ofishin tarho ɗaya da wani, kuma cikin layi ɗaya mai suna E1 hanya 32 ce aka tsaga, 30 na ɗaukar magana, biyun kuma na daidaita lokaci da sigina. Mutum talatin na ta surutu lokaci guda amma ba mai jin zancen wani, don kowa an ba shi layinsa. Ita ma GSM ɗin haka take, kowace tasha an yanka ta gida 8, wayoyi na karɓa-karɓa da sauri yadda kunne ba zai gane ba. Wannan rabon layi shi ne dai injiniyoyin titi ke yi a mahaɗar hanya, mai shan kwana layinsa daban, mai miƙewa daban.

To shekaranjiya bayan la'asar na taso daga Farm Centre, na zo wata mahaɗa, wallahi ɗan adaidaita da zai yi hagu ya kafe a can dama, mai tifa ya danno kai tsakiya, mai kurar ruwa ya shigo wanwe, danja ta ba mu hannu har sau uku ba wanda ya motsa, sai hon da zage-zage, ga wata tsohuwa riƙe da jikanta ta rasa inda za ta tsaya ta tsallaka. Fentin layin kuwa tuni ƙura da taya sun cinye shi.

Ba na raina gadoji fa, ta Ƙofar Nassarawa da ta Dangi sun rage wahala sosai. Amma ba kowace kwana ce za a yi wa gadar sama ba, kuɗin ina? Direbanmu ba ya ganin fenti, siminti yake tsoro saboda tayarsa. A zuba 'yan tsibirai masu tudu a bakin mahaɗa, a ware wa masu shan kwanar dama layinsu tun daga nesa, mai ƙafa ma ya samu wurin tsayawa. A fara da mahaɗun da ke kusa da kasuwanni da makarantu.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin tarho, Tarauni, Kano